Ba Kowace Tsohuwar Zuma Ake Magani Da Ita Ba: Martani Kan Saita Sadarwa A Linux

Kwanan baya wani malamin kwamfuta ya fitar da maƙala yana kuka da yawan manhajojin da ake saita kafar sadarwa da su a Linux, wato mahaɗar kwamfuta da sauran duniya, ko ta kebul ce, ko ta Wi-Fi, ko ta modem. Hujjarsa a taƙaice ita ce umarnin ifconfig da fayil ɗin /etc/network/interfaces sun wadatar, kuma duk abin da ya biyo bayansu, daga NetworkManager zuwa systemd-networkd da Netplan, ƙarin kaya ne da kamfanoni suka jibga wa jama'a. Ya shawarci masu koyarwa su riƙe tsofaffin nan biyu su watsar da sauran, ya kuma ce duk wanda ya girka Linux ya fara da tumɓuke NetworkManager. Ya kafa hujja da labaran kwamfutocin da intanet ta ƙi zama a kansu, sannan ya jingina komai da karin maganar da ke cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Maƙalar tana da daɗin karatu, kuma duk wanda ya taɓa raba dare gaban baƙin allo yana laluben abin da ya hana kwamfuta fita intanet zai ji an sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi. Amma ɗalibin da ya bi shawarar zai fara cin karo da matsala tun a layin farko. In ya girka Debian ko Ubuntu ta yau ya rubuta ifconfig, amsar da zai samu ita ce ba a san wannan umarni ba.

Inda malamin ya yi gaskiya

Kukan yawan sauye-sauye ba ƙarya ba ne. Ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda ɗalibai ke so saboda arha, ta fara da fayil ɗin interfaces, a 2015 ta koma dhcpcd, a watan Oktoba na 2023 kuma ta koma NetworkManager. Ubuntu ta ajiye tsohon tsarinta a 2017 ta ɗauko Netplan. Red Hat ta shafe shekaru da rubutattun umarnan da ke karanta fayilolin ifcfg, ta yi musu alamar ritaya a 2019, ta cire su a fitowa ta 9 a 2022. SUSE ma ta fito da nata, wicked, a 2014. Mutumin da ya buɗe intanet yana neman yadda zai ba kwamfutarsa adireshi tsayayye zai tarar da amsoshi huɗu ko biyar, kowace daidai ce a zamaninta da nau'in Linux ɗinta, babu kuma wadda ta faɗa masa haka.

Wannan gajiya ce ta gaske. Abin da bai biyo daga gare ta ba shi ne a ce sauye-sauyen banza ne, ko kuma komawa baya zai warkar da su.

Ayyuka biyu da aka cakuɗa

Kuskuren farko a maƙalar shi ne jera ifconfig da NetworkManager a sahu ɗaya kamar kishiyoyi. Aikinsu ba ɗaya ba ne. Shi ifconfig, da magajinsa ip, umarni ne na nan take: suna gaya wa kanel, wato zuciyar Linux, ya liƙa wa kafa kaza adireshi kaza yanzu-yanzu. Da zarar an kashe kwamfuta an sake kunnawa, komai ya goge. Su kuwa ifupdown, wadda ita ce ke karanta fayil ɗin interfaces, da NetworkManager da systemd-networkd, aikinsu adana saitin ne da dawo da shi duk lokacin da na'ura ta tashi. Saboda haka tambayoyi biyu ne a gaban mai zaɓi: da me zai duba ko ya taɓa kafa a yanzu, kuma wa zai damƙa wa amanar tunawa gobe.

Akwai ma abin dariya a ciki. Tsofaffin biyu da malamin ya ɗaura wa aure sun daɗe da rabuwa. Manhajar ifupdown ta Debian ba ta kiran ifconfig a Linux yanzu. Ip take kira a bayan fage, kuma ba ta girkuwa sai da ƙunshin iproute2. Duk ranar da malamin ya rubuta ifup, abin da ya ce a watsar ne ke masa aiki.

Abin da ifconfig ba ya gani

Shi ifconfig ya cancanci girmamawa. Ya fito ne a 1983 cikin 4.2BSD na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma har gobe yana nan da ƙarfinsa a FreeBSD da OpenBSD da kwamfutocin Apple, domin can ana raya shi tare da tsarin da yake yi wa aiki. Na Linux ne labarinsa ya bambanta. Yana cikin ƙunshin net-tools, wanda ya fitar da siga ta 1.60 a 2001, sannan aka shafe kusan shekara ashirin babu wata cikakkiyar fitowa sai a farkon 2021. A tsawon wannan lokaci kowane nau'in Linux faci yake masa na kansa.

Kanel kuwa bai tsaya jira ba. Tun wajen 1999 Alexey Kuznetsov ya sake fasalin ɓangaren sadarwar Linux, ya kuma rubuta iproute2 da ke magana da kanel ta sabuwar hanya mai suna netlink. Daga baya Stephen Hemminger ya karɓi kula da ƙunshin, kuma ana sabunta shi kafaɗa da kafaɗa da kanel. Shi ya sa Red Hat ta daina sa net-tools a ƙaramin girkinta tun 2014, Debian ta bi sahu a 2017.

Wanda ke shakka yana iya gwadawa cikin minti biyu. Ya rubuta ip addr add 192.168.1.10/24 dev enp0s3, ya sake rubuta layin da adireshin da ya ƙare da 11. Yanzu kafa ɗaya tana ɗauke da adireshi biyu, kuma duka biyun suna amsa kira. In ya rubuta ip addr zai gan su a jere. In ya girka net-tools ya rubuta ifconfig, na farko kaɗai zai gani. Babu gargaɗi, babu saƙon kuskure. Na biyun ya ɓace daga idonsa kawai, saboda tsohon umarnin bai san adireshi na biyu ba sai an laƙaba masa suna irin eth0:1. Mai gyaran da ya dogara da ifconfig zai rantse cewa adireshin ba ya kan na'urar, alhali shi ne ke karo da wata kwamfuta a ofishin.

Haka abin yake ga ɗan'uwansa route. Linux na iya riƙe jadawalin hanyoyi fiye da ɗaya, ta yadda ofishin da ke da layin intanet biyu daga kamfanoni daban-daban zai ce saƙon da ya shigo ta layi kaza amsarsa ta koma ta nan. A wuraren da layi ɗaya ba abin dogaro ba ne, wannan ba kwalliya ba ce. Da ip rule ake tsara shi, shi kuwa route babban jadawali kaɗai yake nunawa. Kayan aikin da ke nuna rabin gaskiya ba tare da ya faɗi cewa rabi ne ba, ya fi rashinsa haɗari.

Kwamfutar da ba ta zama wuri ɗaya

Batun ifupdown ya fi taushi, domin nan malamin yana da abin riƙewa. Anthony Towns ya rubuta ta wa Debian kusan ƙarshen shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ke zaune a kan tebur da kebul ɗaya a bayanta shekara da shekaru. Fayil ɗinta 'yan layuka ne da kowa zai karanta ya gane. Tana tashi lokacin kunna na'ura, ta aiwatar da abin da aka rubuta, ta koma ta kwanta. Ba ta cin ƙwaƙwalwa, ba ta yanke hukunci da kanta. Ga uwar garken da ke ɗaki ɗaya da adireshi ɗaya, wannan ya isa, kuma Debian har yanzu ita take ba wanda ya girka ta ba tare da tebur mai hoto ba.

Amma wannan kwanciya da take yi ita ce rauninta. Ba ta zaune tana kallon abin da ke faruwa. A ɗauki ɗaliba a Zariya ko Maraɗi da laftof a jaka. Da safe tana kan Wi-Fi na makaranta mai neman sunan shiga da kalmar sirri. Da rana ta soka kebul a ɗakin gwaji. Da yamma wuta ta ɗauke, rauta ta mutu, ta kunna intanet ɗin wayarta ta jona. Da dare ta rufe murfin laftof ba tare da ta kashe ba, gobe ta buɗe a wani wuri dabam. A kowane mataki sai an sami wanda zai lura cewa yanayi ya canza, ya nemi sabon adireshi, ya sauya ƙofar fita, ya gyara wurin tambayar sunaye. Ana iya ɗinka wa ifupdown wannan iyawa da ƙarin manhajoji irin ifplugd da wpa_supplicant da rubutun hannu, kuma mutane sun yi. Wanda ya gama ɗinkin zai tarar ya ƙera NetworkManager tasa ce, wadda babu mai gwada ta sai shi.

Domin wannan matsala Red Hat ta fara NetworkManager a 2004, Dan Williams na kan gaba a aikin. Dubi yadda take warware rikicin hanyoyi: tana ba kowace irin kafa lambar fifiko, kebul 100, Wi-Fi 600, modem na layin waya 700, kuma ƙaramar lamba ce ke cin nasara. Ɗalibar ta soka kebul, saƙonni su koma ta nan. Ta zare, su koma Wi-Fi. Ba ta rubuta ko harafi ɗaya ba. Tare da ModemManager kuma tana sarrafa modem mai katin SIM, har da lambar PIN da saitin kamfanin layi.

Akwai wani abu da ya shafi aljihu kai tsaye. Wayar Android da ake jan intanet daga gare ta tana saka wata alama cikin amsar da take ba kwamfuta, mai nuna cewa wannan data ce ta kuɗi. NetworkManager tana karanta alamar ta sanar da sauran manhajoji, sai manhajar sabuntawa ta GNOME ta dakata da sauke manyan fayiloli har a sami layin da ba a ƙirga shi. Ga wanda ke sayen data gigabait ɗaya-ɗaya, shawarar a tumɓuke NetworkManager tana iya zama shawarar a cinye masa datar mako cikin dare guda. Fayil ɗin interfaces bai san wani abu wai shi data mai tsada ba.

Baƙin jinin NetworkManager yana da tarihi, ba a musu. A shekarunta na farko ta fi dacewa da laftof, tana katsalandan a uwayen garke, kuma sarrafa ta daga baƙin allo wahala ne. Masu kula da na'urori da yawa sun koyi kashe ta a wancan zamani, suka kuma koya wa na bayansu. Amma a 2014 umarnin nmcli ya cika ya kawo, aka ƙara nmtui mai sauƙin bi, siga ta 1.0 ta fito a watan Disamba na shekarar. Yau ita ke riƙe da uwayen garken Red Hat a bankuna da kamfanonin sadarwa, kuma saitinta fayiloli ne na rubutu a /etc/NetworkManager/system-connections da mai kula da na'ura zai buɗe ya karanta. Malamin yana faɗa ne da manhajar da ta daɗe da sauya hali.

A ɗakin uwayen garke

To, a ce an bar laftof ga NetworkManager. Shin a uwar garke tsohon tsarin ba shi da aibi? Amsar tana hannun masoyansa. Kamfanin Cumulus Networks, wanda ya yi Linux na manyan na'urorin rarraba sadarwa, ya so tsarin rubutun fayil ɗin interfaces, amma sai da ya sake rubuta manhajar daga tushe ya kira ta ifupdown2. Proxmox, da ake gudanar da kwamfutocin cikin kwamfuta a kansa, ya mai da ita zaɓinsa na asali a 2021. Mutanen Alpine Linux ma suka rubuta tasu, ifupdown-ng. Da tsohuwar ta wadatar, da masu ƙaunarta ba su sake ƙera ta har sau biyu ba.

Dalilin a fili yake ga wanda ya yi aiki da ita. Tsohuwar ifupdown ba ta iya kwatanta abin da ke kan na'ura da abin da ke cikin fayil ta gyara bambancin kawai. Sai an saukar da kafa an sake tayar da ita. A injin da ke ɗauke da kwamfutoci talatin a cikinsa, wannan na nufin katse su duka saboda gyaran layi ɗaya. Umarnin ifreload na ifupdown2 an yi shi ne don kauce wa haka. Ga kuma wani tarko da ya kama mutane da yawa: mutum ya buɗe fayil ya sauya kafa daga karɓar adireshi ta DHCP zuwa adireshi tsayayye, sannan ya rubuta ifdown da ifup. Komai ya yi kyau. Amma ifdown sabon rubutun ta karanta, don haka ba ta san akwai manhajar neman adireshi da ya kamata ta kashe ba. Manhajar tana nan a raye, bayan wasu sa'o'i ta sabunta hayarta ta dawo da tsohon adireshin, mai na'ura kuwa ya riga ya tafi gida.

Ita ma manhajar neman adireshin da ifupdown ta daɗe tana jingina da ita, dhclient, ƙungiyar ISC da ta yi ta ta daina kula da ita a 2022. Zaman lafiyar da malamin ke hangowa a tsohon gida, ginshiƙansa ma ana ta sauya su.

Ga uwayen garke da kwamfutocin girgije akwai systemd-networkd, wadda Tom Gundersen ya jagoranci rubutawa, ta shigo systemd a farkon 2014. Abin mamaki shi ne ita ce ta fi kusa da ɗabi'ar da malamin ke yabo. Adireshi tsayayye a wurinta ɗan fayil ne a /etc/systemd/network mai layi shida ko bakwai: wace kafa, wane adireshi, wace ƙofar fita, wa za a tambaya sunaye. Ba ta da tagogi ko maɓallai. Bambancinta da ifupdown shi ne tana farke, tana ganin an zare kebul ko an mayar. Iyakarta kuma sananniya ce: ba ta shiga Wi-Fi da kanta sai da taimakon wpa_supplicant ko iwd, shi ya sa ba a ba matafiyi shawarar ta.

Netplan: laifinta da ladanta

Sukar da malamin ya yi wa Netplan ita ce mafi ƙarfi a maƙalarsa. Netplan ba ta saita komai da kanta. Kamfanin Canonical mai Ubuntu ya yi ta ne a matsayin tafinta: a rubuta saiti sau ɗaya da tsarin YAML a /etc/netplan, ita kuma ta juya shi zuwa harshen networkd ko na NetworkManager. Wannan ƙarin hawa ne, kuma in abu ya lalace wurin dubawa ya zama biyu. YAML kuma ba ta da yafiya: tazara ɗaya ta goce, ko a danna maɓallin Tab maimakon na tazara, fayil ya ƙi karantuwa. Masu Ubuntu da yawa sun kuma san tsayuwar minti biyu da uwar garke ke yi wajen tashi tana jiran kafar da babu kebul a jikinta, har sai an rubuta cewa wannan kafa ba dole ba ce.

Abin da maƙalar ta tsallake shi ne netplan try. Wanda ke zaune a Kano yana gyara uwar garken da ke Legas ko Jamus ta hanyar SSH yana taɓa reshen da yake zaune a kai ne. Kuskuren lamba ɗaya ya rufe shi a waje. Umarnin netplan try yana aiwatar da sabon saiti, ya fara ƙirga daƙiƙa 120. In mai gyara ya ga har yanzu yana ciki, ya danna Enter saitin ya zauna. In layi ya yanke bai iya dannawa ba, na'urar ta koma tsohon saiti da kanta. A tsohuwar ifupdown babu irin wannan; sai dai mutum ya haɗa dabararsa ko ya nemi wanda zai taka ya je gaban injin.

Kulle kai a waje ba cutar 'yan koyo kaɗai ba ce. A ranar 4 ga Oktoba 2021 wani umarni da aka bayar yayin gyaran yau da kullum ya katse hanyoyin da ke haɗa cibiyoyin Facebook, aka shafe kusan sa'a shida babu Facebook, babu WhatsApp, babu Instagram, har sai da injiniyoyi suka je cibiyoyin da ƙafarsu. Na'urorin da abin ya shafa sun fi ƙarfin kwamfutar ofis nesa ba kusa ba, amma ciwon ɗaya ne: hanyar da za a bi a gyara ita ce ta yanke.

An bar jaki ana dukan taiki

Saura labaran kwamfutocin da suka lalace, waɗanda su ne ƙashin bayan maƙalar. In aka bi su ɗaya bayan ɗaya, kusan kowanne labarin manhajoji biyu ne a kan kafa ɗaya, ba labarin muguwar manhaja ba.

Mutum ya bi wani tsohon bayani ya rubuta kafarsa a fayil ɗin interfaces, sai alamar sadarwa a kusurwar allo ta ce ba ta kula da wannan kafa. Wannan ba lalacewa ba ce. Debian da gangan ta saita NetworkManager ta janye hannu daga duk kafar da aka ambata a wancan fayil, don kada su yi karo. Wani ya gyara /etc/resolv.conf da hannu, ya sake kunna na'ura ya tarar gyaransa ya tafi, an mayar da 127.0.0.53. A Ubuntu wannan fayil na systemd-resolved ne, kuma a samansa akwai rubutun da ke cewa kada a taɓa. Wani ya hayi kwamfuta a girgije ya gyara fayil ɗin Netplan mai suna 50-cloud-init.yaml, daga baya aka rubuta wani a kansa, domin cloud-init ce mai fayil ɗin, kuma akwai hanyar da aka tanada ta dakatar da ita. Wani kuma ya bar dhcpcd da NetworkManager duka a kunne, kafa ɗaya ta tashi da adireshi biyu da ƙofar fita biyu. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma shawarar malamin ta a liƙa tsohon tsari a kan kowace na'ura ita ce hanya mafi sauri ta naɗa na biyun.

Har ma sunayen nan da ya yi wa ba'a, enp0s3 da wlp2s0, ba NetworkManager ko Netplan ne suka raɗa su ba. Daga udev suke, tun siga ta 197 ta systemd a farkon 2013. Kanel yana ba kafofi sunan eth0 da eth1 ne bisa wadda ta riga amsawa lokacin tashi, kuma a injin da ke da kati biyu ko fiye jerin na iya juyawa. Ranar da ya juya, katangar tsaron da aka gina don kare kafar waje sai ta koma tsaron ta ciki, ta bar ƙofa a buɗe. Sabon sunan yana faɗin mazaunin katin ne a jikin inji: en na nufin kebul, wl na nufin Wi-Fi, p da s kuma layi da ramin da aka soka shi. Ba shi da daɗin faɗa, amma ba ya yin musaya da maƙwabcinsa cikin dare. Wanda ke da kati ɗaya kuma yake kewar eth0, kalmar net.ifnames=0 a saitin tashin kanel za ta dawo masa da shi.

Abin da ya kamata a koyar

Zaɓin ba tsakanin tsoho da sabo yake ba. Abin dubawa shi ne irin zaman da na'urar ke yi da kuma nau'in Linux da ke kanta. Laftof da duk abin da ke yawo tsakanin Wi-Fi da modem da wayar hannu na NetworkManager ne. Uwar garken Red Hat ko Rocky ko AlmaLinux ma ita ce, ta hanyar nmcli. Uwar garken Ubuntu a bi ta Netplan, a saba da netplan try kafin a taɓa komai daga nesa. Debian mai kebul ɗaya a lungun ofis ta ci gaba da ifupdown, babu wanda ya ce a tashe ta. Proxmox da ifupdown2 ya zo, a bar shi da ita. A kusan kowane hali abin da nau'in Linux ɗin ya zo da shi shi ne aka fi gwadawa a kansa, shi ne kuma littafinsa ke bayani a kai. Mai son sauya shi ya zo da dalili, ya kuma tabbata ya kashe na farkon gaba ɗaya.

Ɗalibi kuwa abin da zai bi shi ko'ina shi ne fahimtar adireshi da iyakar unguwarsa da ƙofar fita da wurin tambayar sunaye, sai kuma ip addr da ip route, waɗanda ke aiki a kowace Linux ko wace manhaja ce ke mulki. Bayan haka ya koyi tambayar farko da mai gyara ke yi a gaban baƙuwar na'ura: wa ke riƙe da wannan kafa? Umarnin nmcli device status zai faɗi waɗanda ke hannun NetworkManager, networkctl list ya faɗi na networkd, leƙa /etc/netplan da /etc/network/interfaces kuma ya nuna ko akwai wani mai iƙirari.

Masu shirya jarrabawar ƙwarewa sun riga sun yanke wannan hukunci. Manhajar jarrabawar LPIC-1 da aka sabunta a 2018 tana neman ɗalibi ya iya saita kafa da iproute2, ya iya adana saiti da NetworkManager, ya san da zaman systemd-networkd, su kuwa umarnan net-tools an bar su a matsayin tsofaffin da ya kamata ya san labarinsu. Jarrabawar RHCSA ta Red Hat a gaban na'ura ake yin ta da hannu, kuma cikin abin da ake nema akwai saita adireshin IPv4 da IPv6 yadda zai tsira bayan an sake kunna injin. Ɗalibin da aka yaye a kan ifconfig kaɗai zai iya liƙa adireshin, amma mai duba jarrabawa sai ya kashe na'urar ya kunna kafin ya ba da maki.